Daytona, Speedmaster ko El Primero: wanne ya dace da hannun mutumin Gombe?

Mutumin da zai ciro naira miliyan goma ko fiye ya sayi agogon hannu, ba sanin lokaci ne damuwarsa ba. Wayar da ke aljihunsa ta fi agogo mai inji, komai tsadarsa, faɗin lokaci daidai, shi ma kuma ya san haka. Abin da yake saye ɗan ƙaramin inji ne mai ɗaruruwan ƙarafa, babu batir a cikinsa, sifirin ne kawai da aka naɗe yake warwarewa a hankali yana tura komai. A cikin irin waɗannan agoguna kuwa babu wanda ya kai kuronogiraf jan hankalin masu tarawa. Shi ne wanda za ka ga ƙananan da'irori uku a fuskarsa da madannai biyu a gefe. Ka danna na sama, dogon tsinke ya tashi. Ka sake dannawa, ya tsaya cak. Ka danna na ƙasa, ya koma kan sha biyu kafin ka ƙifta ido. Sauran agoguna kallonsu kawai ake yi. Wannan kai ne kake ba shi umarni, kana jin amsarsa a ɗan yatsanka, kuma wanda ya taɓa jin wannan amsar da wuya ya manta da ita.

Tun farkon tarihinsa ma akwai doki a ciki. A 1821 wani maƙerin agogo Bafaranshe, Nicolas Rieussec, ya kai na'urarsa filin sukuwa a birnin Paris, tana ɗiga tawada a fuskarta duk sanda doki ya ƙetare layi. Mutanen garin da ke da hawan sallah da masu kiwon dawaki ba sai an yi musu dogon bayani kan daɗin sanin wanda ya riga wani da sakan ɗaya ba.

Sunaye uku ne suka fi zuwa bakin mai shirin sayen kuronogiraf na farko mai tsada: Rolex Daytona, da Omega Speedmaster wanda ake yi wa laƙabi da agogon wata, da Zenith mai injin El Primero, musamman samfurin Chronomaster Sport. Daytona na ƙarfe da ya fito a 2023, mai lamba 126500LN, ya ɗan haura dala dubu 15 a shagon kamfani. Chronomaster Sport ya fito a 2021 a kan kusan dala dubu 10. Speedmaster na yanzu, shi ma ɗan 2021, ya fara a dala dubu 6 da ɗoriya. Dukansu sun ƙara hawa tun lokacin. Ga mu nan Najeriya kuma akwai hawa na biyu: tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 cikin 'yan watanni. Idan ka lissafa a kan 1,500, dala dubu 7 ta zama naira miliyan goma da rabi. Kuɗin fili ne mai kyau, shi ya sa zaɓin ya cancanci a zauna a yi masa tunani.

Rabin kuɗin da kake biya na tarihi ne, don haka ya kamata ka san tarihin da kake saye.

Speedmaster ya fito a 1957 don masu tseren mota, ba don sararin samaniya ba. Sai hukumar NASA ta Amurka ta nemi agogon da 'yan sama jannatinta za su ɗaura, ta gwada na kamfanoni uku, ciki har da Rolex da Longines. An gasa su a zafin da ya kai digiri 93, an daskarar da su a digiri 18 ƙasa da sifili, an girgiza su, an jefa su cikin matsin iska iri-iri. Omega ne kaɗai ya fita da rai, aka amince da shi a 1965. A watan Yulin 1969 Buzz Aldrin ya taka duniyar wata da shi a hannu; Neil Armstrong ya bar nasa a cikin kumbo saboda agogon kumbon ya samu matsala. Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na kumbon Apollo 13 a watan Afrilun 1970. Tankin iska ya fashe, aka kashe kusan duk na'urori don tattalin wuta, kuma dole a kunna inji na sakan 14 daidai don a gyara hanyar dawowa gida. Da Speedmaster suka ƙirga waɗannan sakan 14 ɗin, kuma 'yan sama jannatin duka uku sun dawo da ransu.

Daytona ya zo a 1963, ya ɗauki sunansa daga filin tseren motoci na Daytona a jihar Florida. Mutane da yawa ba su san cewa a shekarunsa na farko kwantai yake yi a shaguna ba. Darajarsa daga baya ta zo, ta kai ƙololuwa a watan Oktoban 2017 lokacin da aka yi gwanjon wanda ɗan wasan fim na Amurka Paul Newman ya riƙa ɗaurawa, kyautar matarsa, a birnin New York a kan dala miliyan 17.8. Tun daga nan sunan Daytona ya haɗu da maganar riba har ba a iya raba su.

Zenith kuwa, nasa tarihin na maƙera ne. A 1969 kamfanoni suna rige-rigen fitar da kuronogiraf na farko mai yi wa kansa wani, wato naɗe sifirinsa, da motsin hannu: ga Zenith, ga haɗakar Heuer da Breitling, ga Seiko a Japan. Zenith ya sanar da El Primero a watan Janairu, inji mai bugawa sau 36,000 a awa, wato sau goma a kowane sakan, wanda ya ba shi damar auna kashi ɗaya cikin goma na sakan. A ƙarshen wannan shekarar Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai fasahar kwatz, wanda ke aiki da batir, kuma cikin 'yan shekaru agogon batir ya kusa kashe sana'ar gaba ɗaya. Kamfanin Amurka da ya mallaki Zenith a lokacin ya ba da umarni a 1975 a daina ƙera injin sifirin, a rabu da kayan aikinsa. Wani ma'aikaci a masana'antar da ke garin Le Locle, Charles Vermot, ya ƙi yarda a zuciyarsa. Ya riƙa kwashe ma'aunai da maƙerai da zane-zanen injin a ɓoye yana kaiwa ɗakin saman rufi, yana rubuta bayanin kowanne, ya toshe wurin. Da kasuwa ta juyo bayan kusan shekara goma, sai ya fito da su. Ba don shi ba, da El Primero ya mutu. Ga kuma inda labarin ya haɗu da na Rolex: daga 1988 zuwa 2000 injin El Primero ne a cikin Daytona, bayan Rolex ya rage bugunsa zuwa 28,800 ya cire kwanan wata. Sai a 2000 Rolex ya ƙera nasa, mai lamba 4130. Ni a wurina wannan kaɗai ya isa a riƙa ambaton Zenith da girmamawa.

To amma tarihi ba ya alwala, mu kuwa muna yi sau biyar a rana. A nan ne nake ganin masu rubutu daga Turai ba su da abin da za su faɗa mana, don ba su san yawan haɗuwar hannunmu da ruwa ba. Daytona an yi shi ya jure zurfin mita 100, kuma abin murzawarsa da madannansa biyu duk ana ɗaure su kamar noti, ruwa ba shi da ƙofa. Chronomaster Sport shi ma mita 100 ne, sai dai madannansa ba a ɗaure su. Speedmaster mita 50 ne. Wannan ya ishi alwala da ruwan sama, da sharaɗi biyu: kada ka taɓa danna madanni hannunka a jiƙe, kuma a riƙa gwada robobin da ke tare ruwa lokaci-lokaci, don zafin bazarar Gombe a watan Maris da Afrilu yana busar da roba. Wanda ke da al'adar cire agogo ya ajiye a gefen famfon masallaci ya sani cewa faɗuwa a kan siminti da mantuwa sun fi ruwa halaka agogo. Gara wanda za ka iya turawa sama ka wanke hannu ba tare da ka cire ba. Wannan dalilin ne ya sa ban sa Breitling Navitimer a cikin ukun ba, duk da kyansa da tarihinsa a wurin matuƙa jirgin sama: mita 30 kawai yake jurewa. Haka kuma maɗaurin fata, komai kyansa, zufa da ruwa za su sa shi wari ya tsattsage kafin a je ko'ina. Sarƙar ƙarfe ce tamu.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana shigar da ita ko'ina, kuma akwai ɓarɓashin yashi a cikinta. Speedmaster yana zuwa iri biyu. Akwai mai murfin roba mai kama da gilashi, wanda ake kira hesalayit, irin wanda aka je wata da shi saboda ba ya tarwatsewa idan ya fashe. Akwai kuma mai gilashin safaya, wanda bayansa ma a buɗe yake kana kallon inji. Masu bin tarihi sau da ƙafa sun fi son na farko, kuma gaskiya haskensa ya fi laushi a ido. Amma ka goge ƙurar hunturu daga kansa da hannun riga, za ka ga ƙananan zane sun fito. Ana iya goge su da man gogewa, sai dai aiki ne da ba ya ƙarewa. Safaya ta fi yashi tauri nesa ba kusa ba. Daytona da Zenith duka safaya ne, kuma zoben da ya kewaye fuskarsu na tangaran ne mai tauri wanda ba ya kwarzanewa kuma rana ba ta kashe launinsa. Zoben Speedmaster na alminiyam ne, zai nuna shekarunsa.

Maganar yi wa agogo wani ita ce babban abin da ya raba su a rayuwar yau da kullum. Speedmaster da hannu ake yi masa wani, cikarsa tana kai awa 50. Daytona da Zenith motsin hannunka ne ke naɗe su. Daytona yana riƙe awa 72, Zenith awa 60. Wasu suna ganin wanin hannu wahala ne. Ni ina ganin shi ne rabin daɗin abin: bayan sallar asuba ka murza shi a hankali har ka ji ya tsaya, shi ke nan har gobe. Akwai kuma fa'ida ga mai agogo fiye da ɗaya, don agogon da ke jiran motsin hannu idan ya kwana uku a akwati sai ya mutu, dole ka sake saita shi. Amma in ka san kanka ba mai riƙe al'ada ba ne, kada tarihin wata ya ruɗe ka, za ka riƙa samunsa a tsaye ranar da kake sauri.

A wajen daidaito, Rolex ya yi alkawarin kuskuren da bai wuce sakan biyu gaba ko baya a rana ba, Omega kuma daga sifili zuwa sakan biyar gaba. Bambancin ba abin damuwa ba ne. Wanda ya fi muhimmanci shi ne maganaɗisu, wanda ke cikin lasifikar waya da murfin kwamfuta da maɓallin jaka, kuma shi ne ke sa agogo ya fara gudu ba dalili. Injin 3861 na Speedmaster an tabbatar yana jure ƙarfin maganaɗisu har gaus 15,000, kuma a wannan fannin ya wuce sauran biyun. A wajen laushin dannawa kuwa Daytona ne gaba: tsinkensa yana tashi sumul ba tsalle, kuma kana iya barinsa yana gudu duk yini ba tare da ya gaji inji ba. Na Speedmaster ya fi tauri da ƙara. Zenith shi ne mai abin kallo, domin tsinkensa yana zagaye fuska cikin sakan goma maimakon sittin. Shi kaɗai ne kuma a cikin ukun yake nuna kwanan wata, abin da ɗan kasuwa mai sa hannu a takardu zai yaba.

Wannan gudun na Zenith yana da farashi, don ya sa an cire masa ma'aunin gudu da ke zoben sauran biyun. Ma'aunin yana da amfani na gaske. A hanyar Bauchi, bayan an wuce Alkaleri, fasinja zai iya danna madanni a wata alamar kilomita ya tsayar a ta gaba: sakan 36 tsinke zai nuna 100, wato kilomita 100 a awa; sakan 30 zai nuna 120. Haka mai injin casar shinkafa a wajen Dadin Kowa zai iya auna buhu ɗaya: in ya cika a sakan 40, zoben zai nuna 90, buhu 90 ke nan a awa. Duk aikin da bai wuce minti ɗaya ba zoben zai faɗa maka nawa za a yi a awa.

Yanzu ga inda nake ganin Daytona ya faɗi ga mutumin Gombe, duk da cewa a ƙira shi ne ya fi dacewa da yanayinmu, ga shi siriri, faɗinsa milimita 40, yana shiga ƙarƙashin hannun kaftani ba gardama. Matsalar ita ce samunsa. Wakilin Rolex na hukuma a Najeriya yana Legas da Abuja, kuma a ko'ina a duniya Daytona na ƙarfe ba ya zama a kan kanta. Sai ka shiga layi, kuma masu tsohuwar hulɗa da shago ake fara ba. Wanda ba zai jira ba sai ya koma wurin masu sayar da na hannu, inda ake neman kusan ninki biyu na kuɗin kamfani. A farkon 2022 farashin na hannu ya haura dala dubu 40, sannan ya gangaro sosai, waɗanda suka saya a saman suka tafka asara. Duk wanda ya ce maka Daytona ba ya faɗuwa, ka tuna masa da wannan shekarar.

Wanda ya fi wannan muni shi ne jabu. Jabun Daytona na yanzu ba irin na da ba ne da za ka gane daga nesa. Nauyinsa daidai, madannansa suna aiki, yana zuwa da kwali da kati, har wanda ya daɗe a harkar sai ya buɗe baya ya sa madubin ƙara girma kafin ya yanke hukunci. Sayen Daytona ta hoton WhatsApp, ko daga hannun wani da ya ce ya taho da shi daga Dubai, cinikin biri a sama ne. Rolex da kansa ya ga girman matsalar, shi ya sa a ƙarshen 2022 ya fara tsarin sayar da na hannu masu shaidar kamfani ta hannun wakilansa. Ana jabun Speedmaster ma, amma bai kai haka ba, Zenith kuwa masu jabu ba su cika damuwa da shi ba. A kula kuma da MoonSwatch da ya fito a 2022: halastaccen kaya ne na Swatch da Omega, amma na batir ne mai jikin roba da tangaran, kuɗinsa bai kai dala 300 ba lokacin fitowarsa. Kamanni kawai ya ɗauko.

Ga 'yan'uwa maza Musulmi akwai ƙarin abin lura. Daytona da Speedmaster duka suna da samfurin farin zinare, wanda a ido ba ka raba shi da ƙarfe sai ka ɗaga ka ji nauyi. Farin zinare zinare ne, hukuncinsa ɗaya. Ko a kan na ƙarfe, Rolex yana yin ƙananan alamomin awa da zinare; wanda abin ya tsaya wa a rai ya tambayi malaminsa kafin ya biya. Haka wanda ya saya da niyyar sayarwa don riba, ya san ya shiga babin zakkar kayan kasuwanci.

Gyara kuma fa? Injin nan kamar na mota yake, akwai mai a gaɓoɓinsa, kuma man yana bushewa ko ana amfani da shi ko an ajiye. Omega ya ce a kai sabis duk shekara biyar zuwa takwas, Rolex ya ce wajen goma. Dattawanmu masu gyaran agogo a babbar kasuwa suna da hannu, kuma na kirki a cikinsu shi zai fara ce maka, "Alhaji, wannan ba na nan ba ne, ka mayar wa masu shi." Gaskiya ya faɗa, don ba a sayar musu da kayan gyaran, ba su kuma da injin gwada ruwa. Ke nan kowanne ka saya, wata rana zai yi tafiya, kuma kuɗin sabis ɗin kuronogiraf yana kusantar dala dubu. Rolex da Omega sun fi yawan cibiyoyi, a Dubai da Jidda da Landan duk za ka same su, mai zuwa Umara ko sarin kaya zai iya haɗa tafiyar. Zenith ya fi ƙarancin wakilai, jiransa kan fi tsawo. A wajen sayarwa ma shi ne ya fi zubar da kuɗi: ka fito da shi daga shago, wani kaso mai kauri ya tafi. Speedmaster yana sauka kaɗan ya tsaya, kuma ba ya rasa mai saye. Wannan raunin na Zenith alheri ne ga mai sayen na hannu daga amintaccen shago, domin zai sami jikan injin da ya taɓa zama zuciyar Daytona a kan kuɗin da bai kai sulusin na Daytona a kasuwa ba.

Idan kuɗin bai kai ko ɗaya ba, Tudor Black Bay Chrono, na ƙanen kamfanin Rolex, yana jure mita 200, yana riƙe awa 70 da injin da aka gina a kan na Breitling. Kaurinsa ne kawai zai riƙa kama hannun riga.

Hukuncina shi ne, mai sayen na farko wanda zai ɗaura shi kullum ya ɗauki Speedmaster mai safaya da sarƙar ƙarfe. Zai shiga shagon wakili ya same shi a ranar, ya biya kuɗin da kamfani ya sa, ya fito da garantin shekara biyar da sunan shagon a kan kati, ba ya cikin zullumin ko na gaske ne. Wanda ya riga ya mallaki agogo ɗaya ko biyu, kuma injin ne ke burge shi fiye da a gane abin da ke hannunsa a wurin ɗaurin aure, Zenith ne nasa, ya kuma neme shi na hannu mai cikakkun takardu. Daytona kuwa ba zan hana kowa ba, agogo ne da ba shi da makusa a ƙira, amma ta hanya biyu kawai: ko wakilin hukuma ya kira ka a kan kuɗin kamfani, ko na hannu mai shaidar Rolex. In ba ɗayan biyun nan, ka rubuta sunanka a layi, ka ci gaba da jira da Speedmaster a hannu. Ranar da za ka karɓi kowanne, ka gwada lambar da ke jikin agogon da ta kan kati, ka danna madannai ka tabbatar tsinke yana komawa kan sha biyu daidai ba karkace ba, in na hannu ne kuma ka sa a yi gwajin ruwa a gabanka kafin ka tura kuɗi.